Layi Na Tara

Taragon lantarki ya sauke ni bakwai da kwata.
Ƙanƙarar Lodz ta narke ta koma taɓo,
na tsallaka a hankali, don takalmin na Danuta ne,
aro na yi, kuma yana cizona a dunduniya.

Mu goma sha ɗaya a kujerun roba,
a wani lungu bayan inda ake yanka nama.
Goma jiya-jiya suka ajiye jakar makaranta,
ta sha ɗayan ni ce, Bogumila Wrona,
hamsin da biyu, ban rage ko ɗaya a takarda ba,
ko da yake biron ya tsaya ya yi shawara.

Yaron da ke bayan tebur sunansa Kacper,
ga shi a rubuce, an maƙala masa a ƙirji.
Gemunsa bai gama yanke shawarar fitowa ba.
Yana riƙe da takardar tambayoyi hannu biyu,
a nan na gane shi ma tsoro yake ji.

"Me ya sa kike son aiki da mu?"
Na so in ce kuɗin wuta,
da maganin ƙirjin Zenon,
da gawayin da ya ƙare tun kafin Kirsimeti.
Na ce, "Ina son mutane."
Ya rubuta. Allah ya yafe mana mu biyun.

"Ina kike ganin kanki nan da shekara biyar?"
Na ce, "A tsaye."
Ya fara dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye sauran.

"Kin taɓa aiki cikin taron ma'aikata?"
Ɗana, mu ɗari huɗu ne a ɗaki guda,
injinan saƙa na ruri har ba ka jin tarinka,
da leɓe muke hira, da gira muke faɗa.
Shekara ashirin da shida.
Kunnena na hagu can na bar shi.

"A ina ke nan?"
Na nuna ƙasa da yatsa. Na ce, "Nan."
Masaƙar ce aka rushe, aka share,
aka shimfiɗa tayil, aka kunna waƙa mai taushi.

Ya ce in zo ya zaga da ni.
Ina tafe ina ƙirga taku daga ƙofa,
ƙafa ba ta mance hanya ko an sake mata suna.
Saba'in da uku. Layi na tara.
Inda injina yake, yanzu tawul ne da zanen gado,
an sako su daga wata ƙasa da ban taɓa gani ba.
Na murza ɗaya tsakanin yatsu:
zaren ba laifi, amma mai saƙar a gajiye take.

Wani ya yamutsa tawul ya tafi abinsa.
Ban san lokacin da hannuna ya ninke shi ba,
baki da baki, kamar wasiƙa.
Kacper ya tsaya yana kallo.
Ya ce kakarsa a sashen rini take,
har ta mutu faratanta shuɗɗa ne.
Na ce, "Jadwiga Sroka? Mai ɓoye alawa a safa?"
Ya sunkuyar da kai, ya gyara farashin da ba ya buƙatar gyara.

"Za mu kira ki. Gurbi biyu ne kawai,
kuma ba ni ke yanke hukunci ba."
Na ce na sani. Ba a taɓa haɗa ni da mai yanke hukunci ba.

Kafin in fita na sayi filasta don dunduniya,
na bi layi kamar kowa,
ina kallon yarinyar da ke kan injin kuɗi,
yadda take juya kaya ta nemi lambar,
yatsuna suna kwaikwayonta a cikin aljihu.

A gida na goge takalmin Danuta na mayar.
Na matsar da kujera kusa da tarho,
ta wajen kunnen dama.